Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Ya Dace a Ɗauki Hoton Amarya da Hasken Yamma?

Tambaya: Cikin watan Disamba za a yi bikin ƙanwata a nan Kano, kuma ni aka ɗora wa ɗawainiyar hotuna. Ina sha'awar irin hotunan nan na amare da ake ɗauka da yamma, haske ya yi ja-ja, fata tana sheƙi. Mai hotonmu ya ce sai mun fito da wuri. Ƙarfe nawa ya kamata, kuma me za mu tanada? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. 'Yar'uwa, mai hotonku ya faɗa miki gaskiya, ga kuma dalili.

Da tsakar rana haske daga sama yake sauka, ya sa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, mutum ya yi ta runtse ido, gumi ya ɓata kwalliya. Idan rana ta yi ƙasa kuwa, haskenta sai ya ratsa iska mai yawa kafin ya iso gare mu. A hanya shuɗin da ke cikinsa yake warwatsewa, ja da ruwan ɗorawa su rage. Shi ya sa yake da laushi, yake kuma zuwa ta gefe, ya fito da kyan fuska da zanen lalle da aikin da ke jikin leshi.

Matsalar ita ce a ƙasarmu wannan haske ba ya daɗewa. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kusan a miƙe take gangarowa. A Ingila lokacin zafinsu a karkace take sauka, hasken ya ɗauki fiye da awa guda. Mu a nan, minti 30 zuwa 40 na ƙarshe kafin faɗuwar rana su ne ribar. Kada ki ɗauki tsarin da kika gani a bidiyon Turawa ki ɗora a kan namu.

Agogon da ya fi sauƙi shi ne magariba. A tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa a Kano 'yan mintoci bayan ƙarfe 6:00, alhali a Yuli tana kaiwa kusan 7:00. Sai dai Disamba lokacin hunturu ne. Ranar da hazo ya sauka, rana kan koma farin faifai, ta ɓace cikin ƙura tun ba ta kai ƙasa ba. Saboda haka ki ƙidaya daga magariba ki yo baya: ƙarfe 5:00 an fara ɗauka, 4:45 kowa yana wurin, 4:15 an gama kwalliya da ɗaurin kallabi. Amarya ta yi alwala kafin a fara yi mata kwalliya, don sallar la'asar ta zo mata da sauƙi. Kafin a kira magariba an tattara kaya.

A nan ne yawancin bukukuwa ke tuntuɓe. Mai kwalliya ta makara, ƙawaye suna jiran ɗinki, ango yana can yana gaisawa da baƙi. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ki zaɓi ranar da ba ta da cunkoso, kamar ranar kamu ko yinin biki idan a fili za a yi, ko a ware yammaci guda don hoto kawai. Dina da kai amarya da dare ake yin su, wannan aikin fitila ne. Ki kuma rubuta jerin hotuna: amarya ita kaɗai da farko, sai ita da ango idan gidanku sun yarda da haka, sai iyaye. Hoton dangi da ƙawaye a yi shi tun da sauran rana, a inuwa, don tara mutum 30 wuri guda yana cinye lokaci.

Game da wuri, ki je da mai hoto kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, daidai ƙarfe 5:00, ku ga inda hasken ke faɗawa. Dogon bene ko katanga a yamma na iya tare rana da wuri. Idan kin fuskanci alƙibla, rana tana ta bayanki, da haka za ki gane yamma. Jan bangon ƙasa irin na Gidan Makama yana karɓar wannan haske ƙwarai, amma a nemi izini tukuna.

Abubuwa biyu za ki tambayi mai hoto. Na farko, idan ya sa rana a bayan amarya don mayafinta ya haskaka, da me zai haska fuskarta? Fatarmu tana duhu a irin wannan tsayuwa, sai an sa wani ya riƙe faifan nan mai mayar da haske, ko a ƙara ɗan hasken fitilar kyamara. Na biyu, ya saita launi da hannunsa, domin kyamarar da aka bar ta ta zaɓa da kanta takan wanke jan hasken. Ya kula kuma da farar shaddar ango, kada ta yi fau har aikin wuya ya ɓace.

Idan hazo ya yi yawa ranar, kada ranki ya ɓaci. Jan ba zai fito sosai ba, amma hasken hazo ba ya sa inuwa mai kaifi, fuska kuma takan yi kyau a cikinsa. Ki dai tabbata amarya ta shirya ƙarfe 4:15. Allah ya ba su zaman lafiya.