Mai Jaka A Ciki Da Mai Yoyon Fitsari: Jan Hankali Ga Jama'ar Masaka

Duk wanda ke kwana a Masaka yana neman abinci a Abuja ya san tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba takan ci sa'a biyu ko fiye, in cunkoso ya kama daga Ado zuwa Mararaba har Nyanya. Mai lafiya ma yakan matsu. To, ina ga wanda bayan gida ko fitsari ke zubo masa ba da izininsa ba? Saboda irin waɗannan bayin Allah aka rubuta wannan takarda, da iyalansu da maƙwabtansu.

Akwai lokacin da likita zai ga hanjin mutum ba zai iya kai bayan gida inda aka saba ba, sai ya buɗe 'yar ƙofa a fatar ciki, ya fito da bakin hanjin ya ɗinke. Likitoci na kiranta sitoma. Abubuwan da kan jawo haka sun haɗa da taifot da ta huda hanji, murɗewar hanji, harbi ko hatsarin mota, sankara, da jariran da ake haifa ba dubura. Da yawa na ɗan lokaci ne, in hanji ya warke a mayar da shi. Jakar da ake mannawa a kan ƙofar don tara bayan gida kuwa wata nas ce a ƙasar Denmak, Elise Sorensen, ta ƙirƙiro ta a 1954, domin 'yar'uwarta da aka yi wa wannan aiki ta daina fita don tsoron a ji wari. Ashe kunyar nan ba mu kaɗai muka san ta ba.

Ya kai mai jaka, ka sani fatar da ke kewaye da ƙofar ita ce jarinka. In ta saɓule, jaka ba za ta kama ba; in jaka ba ta kama ba, ƙazanta za ta ƙara cin fatar, haka abin zai yi ta zagayawa. Saboda haka ka yanka ramin jakar daidai da girman bakin hanjin, ratar kada ta wuce milimita 2 ko 3. Ka riƙa sake awo, don bakin yakan motse cikin mako 6 zuwa 8 bayan aiki. Ka wanke wurin da ruwa zalla, ka bari ya bushe sarai. Kada ka shafa man kaɗanya ko basilin, maiƙo ba ya barin gam ya kama. In ka manna, ka dafe da tafin hannu na ɗan lokaci, ɗumin hannu na taimakawa. Lokacin da ya fi dacewa da canji shi ne da sassafe kafin karin kumallo, sa'ad da hanji ke kwance. Kada ka jira jaka ta cika. In ta kai kashi ɗaya cikin uku ka zubar, nauyi ne ke ɓanɓaro ta, balle ga gumin bazara.

Bakin hanji mai lafiya ja ne, da danshi, kamar cikin kunci, ɗan jini kaɗan wurin wanki kuma ba abin tsoro ba ne. Amma in ya yi baƙi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko fita ta ɗauke ga ciwon ciki da amai, ba sauran jira. A nufi asibitin da aka yi aikin, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja.

Ba za mu ɓoye ba, jaka na da tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye ta ba. Mun san akwai masu lallaɓawa da leda da filasta. Wanda dole ta sa shi haka ba abin zargi ba ne, amma kada ya ɗaure bakin hanji da roba ko zare, kuma ya gaya wa nas gaskiya don a nuna masa yadda zai kare fatarsa. Mai jaka kuwa ya nemi wata tun ta hannunsa ba ta ƙare ba, ya adana ta inda zafin kwano ba zai lalata gam ɗin ba.

Batun abinci ba sai an tsawaita ba, kowa cikinsa zai koya masa. Wake, kabeji, albasa, ƙwai da lemon kwalba sukan kumbura jaka da iska. Tuwon shinkafa da ayaba sukan ɗaure bayan gida. Wanda aka fito masa da ƙaramin hanji shi ne zai fi kiyayewa: gyaɗa, gasasshiyar masara da kwakwa na iya toshe masa hanya in bai tauna da kyau ba, kuma ruwan jikinsa na saurin ƙarewa. In zawo ya kama shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta ya riƙa kurɓa. Kafin azumi ya nemi shawarar likitansa. Jarkar ruwa mai lita 25 kuma a bar wa yara masu ƙarfi ko mai ruwa, don ɗaukar nauyi na sa hanji ya turo ta gefen ƙofar.

Mai shiga Abuja ya zubar da jakarsa kafin ya hau mota, ya tafi da wata da ya riga ya yanka, da leda baƙa, tsumma mai tsabta da gorar ruwa.

Yoyon fitsari iri-iri ne. Akwai na tsufa, akwai wanda ke zuwa da tari ko atishawa bayan haihuwa, akwai na dattawa masu kumburin mafitsara ta maza, akwai kuma na doguwar naƙuda da ta huda mafitsara. Wannan na ƙarshe ɗinke shi ake yi, kuma da yawa suna warkewa. Cibiyar Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya daɗe yana aiki, da sashen Laure a Asibitin Murtala na Kano, da cibiyar Evangel a Jos, duk don haka aka kafa su. Mijin da ya kori matarsa a kan lalurar da ta samu wurin haifa masa ɗa bai kyauta ba, ko da wane uzuri ya zo.

Babban kuskuren masu yoyo shi ne rage shan ruwa. Fitsari sai ya yi kauri, zarni ya ƙaru, ciwon mara ya biyo baya. A sha ruwa da rana, a rage in dare ya yi, a sassauta shayi, kofi da goro. A riƙa canza ƙunzugu da zarar ya jiƙe, a wanke a shanya a rana. A nan kam man kaɗanya aboki ne, yana kare fata daga cin fitsari. Matse naman gaba kamar mai riƙe tusa, sau 10 a jere, sau 3 a yini, yana taimaka wa masu yoyon tari in an dage wata 3.

Sai sallah, wadda ta fi damun mutane da yawa har su ƙaurace wa masallaci. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa abin da ke zuba rabin lokaci ko fiye, ba da ikon mutum ba, ba ya karya alwala, littafin Risala kuma ya nuna an so mai yoyo ya sabunta alwala a kowace sallah. A je wurin malami a ji dalla-dalla. 'Yan'uwa Kirista ma kada su bar zuwa coci.

Ku kuma maƙwabta, gidajen haya a Masaka da yawa bayi ɗaya ne ga ɗakuna barkatai. Mai jaka na bukatar ɗan lokaci a ciki, kada a yi ta buga masa ƙofa. Lalurar nan ba a ɗaukarta a kwano ko a gaisuwa. Shi kuma ya ƙulle tsohuwar jakarsa a leda ya kai shara, kada ya jefa a kwata ko masai. Masu gida, don Allah ku sa wa ƙofar bayi sakata, ku ajiye bokiti mai murfi a ciki.