Darasi na Bakwai: Ƙwayar Gado ta TP53 da Aikinta na Tsare Jiki Daga Sankara

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi yana cikin jerin darussan da ke nuna yadda ake sarrafa Hausa wajen bayanin kimiyya. An zaɓi ƙwayar gado ta TP53 ne saboda alaƙarta da cutar sankara, wadda malami zai riƙa samun tambayoyi a kanta daga ɗalibansa. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana ma'anar ƙwayar gado, ya faɗi aikin furotin na p53, sannan ya kawo abubuwan da ke lalata shi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Jikin ɗan'adam ya ginu ne da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai kuromosom 46, wato tagwaye 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. A jikinsu ne sinadarin DNA yake, kuma kowane yanki nasa da ke ɗauke da umarni guda shi ake kira ƙwayar gado. Sai an kwafi wannan umarni zuwa sinadarin RNA kafin a ƙera furotin da shi. Akwai wasu furotin na musamman da ke manne wa DNA su ba da izinin kwafar ko su hana. Su ne a wannan darasi za a kira masu kunna ƙwayoyin gado, kuma p53 ɗaya ne daga cikinsu. Ƙwayar gadon da ke samar da shi, wato TP53, tana kan kuromosom na 17.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

An gano p53 a shekarar 1979 a ɗakunan bincike daban-daban, ciki har da na David Lane da Lionel Crawford a Landan, da na Arnold Levine da Daniel Linzer a Jami'ar Princeton ta Amurka. Da farko masana sun ɗauka shi ke haddasa sankara, domin sukan same shi da yawa a ƙwayoyin da suka kamu. Sai a 1989 binciken Bert Vogelstein da abokan aikinsa a kan sankarar hanji ya nuna cewa gurɓataccen nau'insa ne ake gani a ƙwayoyin, lafiyayyen kuwa hana cutar yake yi. A 1992 Lane ya yi masa laƙabi da mai gadin kundin gado.

4.0 Yadda p53 Yake Aiki

Idan ƙwayar halitta tana cikin ƙoshin lafiya, p53 ba ya daɗewa a cikinta, domin wani furotin mai suna MDM2 yana yi masa alama a rushe shi jim kaɗan bayan an ƙera shi. Amma idan ƙwayar ta shiga matsi, kamar lalacewar DNA saboda guba ko hasken rana mai ƙarfi, ko ƙarancin iskar oksijin, sai a raba shi da MDM2, ya taru. Daga nan guda huɗu sukan haɗu su manne wa DNA su kunna wasu ƙwayoyin gado. Sakamakon haka yakan kasance ɗaya daga cikin uku:

(a) Dakatar da rabuwar ƙwayar ta hanyar furotin na p21, domin a sami sararin gyara.
(b) Hana ƙwayar sake rabuwa har abada, ko da tana raye.
(c) Sa ƙwayar ta kashe kanta idan ɓarnar ta wuce gyara.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, ƙwayar da ta rabu da kuskure a jikinta za ta gadar wa 'ya'yanta kuskuren, kuma daga tarin irin waɗannan kurakurai ne sankara ke tasowa.

5.0 Abubuwan da Ke Lalata p53

Ana samun gurɓacewar TP53 a kusan rabin cututtukan sankara na ɗan'adam. Wasu kan gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga iyaye, kamar yadda aka tabbatar a 1990 game da larurar Li-Fraumeni, wadda masu ita kan kamu da sankara tun suna ƙanana. Mafi yawa kuwa a cikin rayuwa ne ɓarnar ke aukuwa. Misali na farko shi ne gubar afulatoksin, wadda fumfuna ke samarwa a jikin gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. A 1991 bincike a ƙasar Sin da kudancin Afirka ya nuna irin canjin da ake dangantawa da wannan guba a gurbi na 249 na TP53 a cikin sankarar hanta. Haɗarin yakan ƙaru ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Misali na biyu shi ne ƙwayar cutar HPV, wadda furotin ɗinta na E6 ke sa a rushe p53, abin da ke buɗe ƙofa ga sankarar bakin mahaifa. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan cuta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa p53 yana tsayar da ƙwayar da ta lalace, ya ba ta damar gyara ko ya kawar da ita. Malamin da ya fahimci haka zai iya gamsar da ɗalibai da iyayensu dalilin busar da amfanin gona sosai kafin a zuba shi a rumbu, da zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna, da kuma karɓar allurar rigakafi.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambanta ƙwayar halitta da ƙwayar gado.
2. Bayyana matakai uku da p53 ke ɗauka idan DNA ya lalace.
3. Me ya sa masana suka yi wa p53 gurguwar fahimta kafin 1989?
4. Tsara darasin minti 40 ga ɗaliban ƙaramar sakandare a kan haɗarin gyaɗa mai fumfuna.