Hanyar Zaɓen Na'urar Kama Wi-Fi Domin Kwamfuta Mai Aiki Da Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, alhali kuwa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Saboda haka makarantu da ofisoshi marasa ƙarfin sayen sababbi suna iya komawa ga Linux, wato babbar manhajar nan ta kyauta wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan cikin 1991. Ubuntu da Debian da Linux Mint duk rassanta ne.

Amma akwai wani abin lura. Ba kowace na'urar kama Wi-Fi ce ke aiki da Linux ba. Misali, malamin makaranta a Kauru ta Jihar Kaduna, in ya yi tattaki zuwa Kafanchan ko Kaduna ya sayo wadda ba ta dace ba, to, ya yi asarar kuɗinta da kuɗin mota, ga ɗalibai kuma suna jira.

Dalilin haka shi ne, a cikin kowace na'ura akwai wata 'yar ƙwayar lantarki, ita ce ke yin aikin duka. Kwamfuta ba ta iya magana da ƙwayar nan sai da wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda take kamar tafinta a tsakaninsu. In direban yana cikin Linux tun asali, da an soka na'urar sai ta kama aiki. In babu shi, sai an sauko da shi daga intanet, wanda kuwa ba a samu ba tukuna.

Don haka ya kamata mai saye ya kiyaye waɗannan abubuwa:

Na farko, ya binciki sunan ƙwayar, kada ya dogara da sunan da ke jikin kwali. TP-Link TL-WN722N fitowar farko tana ɗauke da ƙwayar Atheros AR9271, wadda Linux ta sani sarai. Fitowa ta biyu da ta uku kuwa ƙwayar Realtek ce a ciki, ko da yake suna ɗaya ne. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu, ya san cewa ƙwayoyin Intel da Atheros da MediaTek galibi suna aiki ba wahala. Na Broadcom da waɗansu na Realtek sukan nemi a sa musu direba dabam.

Na uku, ya tafi shago da kwamfutarsa. Bayan an soka na'urar, sai ya rubuta umarnin lsusb, nan take sunanta da lambarta za su bayyana. In ta cikin kwamfuta ce, lspci ake rubutawa. Kada ya biya kuɗi sai ya ga ta kama Wi-Fi da idonsa, gama ba a cinikin biri a sama.

Na huɗu, ya karɓi rasit, su kuma yi yarjejeniya da mai shago cewa zai canja ta in ta ƙi.

Wanda ya riga ya sayi wadda ta ƙi aiki, kada ya jefar da ita. Yana iya haɗa wayar Android da kwamfutar ta igiyar USB, ya ari intanet ɗin wayar, ya sauko da direban da ya dace.