Takardar Gwajin Jini Ba Likita Ba Ce

Ga mai ciwon kumburin jijiyoyin jini, wanda garkuwar jikinsa ta juya masa baya, da masu jinyarsa a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi.

Kada ka karɓi sakamakon gwajin jini na ESR ko CRP ka yanke wa kanka hukunci. Abin da suke faɗa kawai shi ne akwai kumburi a jiki, ba sa faɗin me ya kawo shi. Hanta ce ke yin CRP, kuma cikin sa'o'i yake tashi: zazzaɓin cizon sauro ya ɗaga shi, taifot ya ɗaga shi, ruɓaɓɓen haƙori ma haka. Da daminarmu ta kudancin Kaduna, mutum nawa ne za a gwada a samu nasa a kwance? ESR kuwa mai nawa ne, yakan yi makonni bai sauka ba. Ƙarancin jini da juna biyu da tsufa duk suna tura shi sama, mai sikila kuma nasa kan zauna ƙasa ko da cuta na cinsa.

Kada ka je kyamis ka ƙara wa kanka prednisolone don lamba ta hau. In tarin fuka ne ya ɗaga ta, taki ka zuba masa.

Kada kuma ka yanke maganin rana ɗaya don lamba ta sauka. Jikin da ya daɗe a kansa ya rage yin nasa sinadarin. A hankali ake janye shi, likita ke tsara yadda za a yi.

Ka yi gwajin fitsari da na ƙoda duk zuwan da ka yi asibiti. Wannan ne aka fi sakaci da shi, ga shi ba tsada. Ƙoda ba ta kuka. Jini da furotin na iya zuba a fitsari kana jin garau.

Ka tabbata an gwada tarin fuka, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B kafin a fara maganin danne garkuwa.

Macen da ba ta kai 40 ba, hannu na mutuwa in tana daka, a auna mata hawan jini a hannu biyu. Ciwon Takayasu, wanda kan kawo haka, na iya ci gaba alhali ESR lafiya lau. Wanda ya haura 50, ga sabon ciwon kai, muƙamuƙi na gajiya wajen tauna, ido na dushewa, a kai shi asibiti yau, kada a zauna jiran takarda.

Ka sha shayin cittar Kachia in kana so, amma ba a madadin magani ba.

In an tura ka asibitin koyarwa na Jos ko na Shika, ka tafi. Ka riƙe duk tsoffin takardunka a jere da kwanan watansu, domin likitan can hawa da saukar lambar zai duba, sannan ya duba ka.