NEMAN A SAKE DUBA JARRABAWAR ƊANKA BA JAYAYYA DA ƘADDARA BA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk shekara idan sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, gidaje a Samaru da Sabon Gari sukan kasu biyu: wasu ana murna, wasu an yi jugum kamar an yi rasuwa. Kowa yana son ɗansa ya samu irin su Demonstration ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko Makarantar Soja ta Zariya da aka kafa tun 1954, ko Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke hanyar Basawa, wadda ake shiga ta jarrabawar da NECO take shirya wa 'yan aji shida. Gurbi kaɗan, masu nema da yawa. To, idan uba ya ga makin ɗansa bai kwanta masa ba, ya halatta ya nemi a sake dubawa? Ana yawan yi mini wannan tambaya, kuma ni kaina abin ya taɓa faɗowa gidana.

'Yata ta zauna jarrabawar wata makaranta mai zaman kanta, ba sai na ambaci sunanta ba. Da sakamako ya fito, sai ga makin lissafi ya yi ƙasa sosai, alhali nan ne ta fi ƙarfi. Na ce, "Haka Allah Ya so, a yi haƙuri." Sai mahaifiyarta ta ce, "Malam, da a kasuwar Sabon Gari aka ba ka canji bai cika ba, ƙaddara za ka ce ka taho gida, ko komawa za ka yi?" Wallahi na rasa amsa. Na gane ba tawakkali ne ya hana ni ba, nauyin zuwa ofis ne kawai.

Ku duba Sayyidina Umar (RA). Yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke can, sai ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa, cikin ƙaddarar Allah yake. Ƙissar tana cikin Bukhari da Muslim. Haka nan a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Idan alƙali yana sake duba hukuncinsa, ina ga malamin da ya yi makin ɗaruruwan takardu cikin gajiya?

Sai na rubuta takarda zuwa ga shugaban makarantar. Na sa sunan yarinya da lambar jarrabawarta, na haɗa da sakamakonta na firamare, na roƙi a sake haɗa makin lissafi. Ban zargi kowa ba. Allah Ya saka musu, sun duba, suka tarar an tsallake shafi guda wajen haɗawa, suka gyara. Amma duk da gyaran, maki biyu suka rage ta kai inda aka yanke.

A nan jarrabawata ni ta fara. Wani da ya ji labari ya same ni bayan Magariba ya ce, "Haba Malam, maki biyu fa! Kawo na goro, na san wanda zai sa sunanta." Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta motsa. Amma kujerun nan a ƙirge suke. Idan sunan 'yata ya shiga, na wani ya fita, kuma wanda za a cire shi ne wanda ba shi da kowa: ɗan mai tura baro, ko marainiyar da uwarta ke sayar da ƙosai. Ga shi Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Na ce masa na gode, ba na buƙata.

Saboda haka mu riƙe abu huɗu:

1. Neman a ba ɗanka makin da ya ci haƙƙi ne. Neman a ba shi wanda bai ci ba zalunci ne, ko an kira shi alfarma, ko hanya, ko goro.

2. Ka yi ƙorafi a rubuce, da wuri, kafin a rufe ɗauka. Ka ajiye kwafi, ka bi ta ofis, ba ta hannun dillali ba.

3. Kada ka hau Facebook kana cewa an sayar da gurbin ɗanka alhali ba ka da hujja. Mutuncin malamai ma haramun ne a ci shi.

4. Idan an duba an ce bai kai ba, to yanzu ne wurin haƙuri da yarda da ƙaddara. Kuma kada ka huce a kan yaro da gori.

Ranar da na gaya wa 'yata yadda ta ƙare, ta yi kuka, sannan ta ce, "Baba, ashe dai na ci lissafin?" Na ce ƙwarai kin ci. Yanzu tana wata makaranta nan Samaru tana karatunta, kuma ta san babu wanda aka ture dominta.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ciyar da su halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin 'ya'yan mutane. Wallahu a'alam.