Haraji da Matsayin Aiki: Jagora ga Mai Kama Sana'ar Wasanni

A da can, yawancin mutanenmu sun ɗauki wasa abin nishaɗi ne kawai, wanda samari kan yi bayan kaka ko da yamma in an taso daga aiki. Yau kuwa wasa ya zama sana'a. Akwai mai horar da yara ƙwallon ƙafa, da alƙalin wasa, da ɗan dambe da ɗan kokawa, da mai koyar da motsa jiki ko ninkaya, da mai yi wa 'yan wasa tausa. Duk wanda ke cin abinci ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, lalle ne ya san matsayinsa a gaban doka: shi ma'aikacin wani ne, ko kuwa mai zaman kansa? Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna wanda zai kai harajinsa, da kuma wanda zai ɗauki ɗawainiyarsa ranar da ya ji ciwo ko ƙarfi ya ƙare.

1. Ma'aikaci ne kai, ko mai zaman kansa?

Sunan da aka laƙaba wa mutum ba shi ne abin dubawa ba, yadda aikin ke gudana shi ake dubawa. A shekarar 2008, cikin shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta zayyana alamomin da ake rarrabe matsayin biyu da su. Shari'ar ba ta wasanni ba ce, amma ma'auninta ya dace da kowace sana'a. Ga tambayoyin da za ka yi wa kanka:

(a) Albashi ake ba ka a ƙarshen wata, ko kuwa ladan kowane aiki dabam?
(b) Wa ke kawo kayan aiki, kai ko mai wurin?
(c) Wa ke yanka lokacin farawa da na tashi?
(d) Kana da ikon tura wani ya yi aikin a madadinka?
(e) A wurin mai aikin kake yi kullum, ko kuwa inda ka zaɓa?

Ɗan ƙwallon da ya sa hannu a ƙungiya, ana ba shi albashi da riga da takalmi, ana faɗa masa lokacin atisaye, ba ya kuma iya aiko ƙanensa ya buga masa wasa, wannan ma'aikaci ne. Amma mai horarwar da ya sayi ƙwallayensa, ya yi hayar fili, ya yanka kuɗin da iyayen yara za su biya, yana kuma zagaya makarantu biyu ko uku, wannan mai zaman kansa ne. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun, alal misali malamin makaranta da ke busa usur a ƙarshen mako. In gardama ta tashi a kan matsayin, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke raba ta.

2. Abin da bambancin ya ƙunsa

Shi ma'aikaci, mai aikinsa ne ke cire haraji daga albashi kowane wata ya kai wa hukuma, bisa tsarin da ake kira PAYE. A wuraren aikin da Dokar Fansho ta 2014 ta shafa, mai aiki na zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Haka nan Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya, domin a sami abin yi wa wanda ya ji rauni a bakin aiki diyya.

Mai zaman kansa ba shi da mai yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ne zai yi lissafi, shi ne zai kai haraji, in kuma ya karye a fili, daga aljihunsa za a biya maɗori. Saboda haka kada ka yarda a riƙa juya ka kamar ma'aikaci alhali a takarda an rubuta kai mai zaman kanka ne. Kafin ka fara aiki da ƙungiya ko makaranta ko otal, nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi matsayinka, da kuɗin da za a biya, da ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyin magani.

3. Yin rajista

Harajin samun ɗaiɗaikun mutane, hukumar tara haraji ta jihar da mutum yake zaune ake kai wa, ba ta jihar da aka haife shi ba. Bakatsinen da ke zaune a Agege yana dambe, Jihar Legas zai biya. Mazaunin Sabo a Ibadan, Jihar Oyo zai biya. Mazauna Abuja kuwa suna da hukumar haraji ta Babban Birnin Tarayya. Matakin farko shi ne ka sami lambar mai biyan haraji, wadda ake haɗawa da lambar shaidarka ta ɗan ƙasa.

In za ka yi aiki da wani suna wanda ba naka na yanka ba, kamar sunan makarantar ƙwallo, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta ka yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Sai dai a lura, rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ka da sana'ar. Ribar taka ce, kuma a kanka harajinta yake.

4. Yadda ake lissafi

Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Ga yadda aka tsara harajin samun shekara:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 na gaba: kashi 15 cikin ɗari.
Naira 9,000,000 na gaba: kashi 18.
Naira 13,000,000 na gaba: kashi 21.
Naira 25,000,000 na gaba: kashi 23.
Abin da ya haura Naira 50,000,000: kashi 25.

Samu ya haɗa da kuɗin horarwa, da ladan alƙalanci, da kuɗin talla, da kyautar lashe gasa. Amma a kan riba ake ɗora haraji, watau abin da ya saura bayan an cire kuɗin da aka kashe domin sana'ar kanta: ƙwallaye, hayar fili, kuɗin mota zuwa wurin gasa, kuɗin sabunta lasin. Cefanen gida da ɗinkin sallah ba sa cikin wannan. Mai zaman haya kuma ana rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar gidansa na shekara, muddin ragin bai wuce Naira 500,000 ba.

Ga misali. A ce mai horarwa ya sami Naira 2,400,000 a shekara, ya kashe 600,000 a kan sana'a, saura 1,800,000. Hayar gidansa 300,000 ce, sai a rage masa 60,000, saura 1,740,000. A fitar da 800,000 da babu haraji a kansu, saura 940,000. Kashi 15 cikin ɗari na wannan shi ne Naira 141,000, watau Naira 11,750 a kowane wata. Wanda ke ware wannan wata-wata ba zai ji nauyinsa ba. Wanda ya bari sai ranar biya, shi ne zai san cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani lokaci kamfani ko makarantar da ka yi wa aiki za su tsakure wani kaso daga kuɗinka su kai wa hukuma da sunanka. Wannan ba asara ba ce, kafin alƙalami ne na harajinka. In a misalin nan an tsakure Naira 20,000, to 121,000 kaɗai ya rage a biya. Amma sai ka karɓi takardar shaidar cirewar, domin in babu ita ba za a lissafa maka ba.

5. Littafi, lokaci da tara

Sayi littafi guda, ka raba kowane shafi biyu: abin da ya shigo da abin da ya fita, kowanne da kwanan watansa. Ba da rasit, ka kuma karɓi rasit, ka adana su har shekara shida. In da hali, buɗe asusun banki na sana'a dabam da na gida.

Kowace shekara, kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris, tilas ne ka kai wa hukumar jiharka bayanin abin da ka samu a shekarar da ta gabata, ko da ribarka ba ta kai Naira 800,000 ba. Tarar ƙin yin rajista Naira 50,000 ce a watan farko, da 25,000 a kowane wata bayansa. Tarar ƙin kai bayani kuwa Naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa. Dubi yadda tarar wata biyu kaɗai ta zarce harajin shekara guda na mai horarwar da muka kawo misalinsa. Wanda ya sauke nauyinsa yana da ikon karɓar takardar shaidar biyan haraji, wadda akan nema wajen neman kwangilar gwamnati da takardar mallakar fili.

Ranar da sana'arka ta bunƙasa har ka ɗauki mataimaka a kan albashi, kai ma ka zama mai aiki. Daga nan alhakin cire harajinsu da kai shi ga hukuma kafin ranar 10 ga watan da ke biye ya wuce yana wuyanka.

A ƙarshe, a tuna cewa sana'ar ƙarfi gajeren zango gare ta. Tun shekarar 2019 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe wa masu zaman kansu hanyar tara fansho kaɗan-kaɗan gwargwadon hali. Ɗan wasa mai hangen nesa, ranar da ya buɗe littafin harajinsa, ranar ya kamata ya buɗe wannan asusu. Wanda wani abu ya shige masa duhu, sai ya tafi ofishin haraji mafi kusa da shi, riƙe da littafinsa da rasitansa, ya nemi bayani.