Darasi: sabunta kayan ƙarfe na gida da fentin feshi

Ƴan'uwa masu karatu, damina ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu. Yanzu lokaci ne na duba gida. Ku dubi ƙofar ƙarfe da taga da sakata. Ku dubi gadon ƙarfe da adaka da kujera. Da yawa sun koɗe, wasu kuma tsatsa ta fara cin su daga ƙasa. Kafin ku je wurin mai walda neman sabuwar ƙofa, ku tambayi kuɗinta, ku tambayi kuɗin gwangwanin fenti biyu ko uku, sannan ku kwatanta. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mene ne ke kawo tsatsa?

Tsatsa tana fitowa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Shi ya sa gindin ƙofa, inda ruwan sama ke taruwa, ya fi saurin ruɓewa. Fenti riga ce da ke raba ƙarfe da ruwa. Amma ku riƙe wannan da kyau: fenti ba ya kashe tsatsa. Idan aka fesa shi a kanta, za ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Bayan ƴan watanni fentin ya kumbura, ya ɓare, kuɗi sun tafi a banza. Don haka gugar ƙarfe ita ce babban aiki. Feshi ƙarshe ne.

Ina fentin feshi ya fi amfani?

Fentin feshi yana zuwa cikin gwangwani mai kan dannawa. Wanda aka fi samu a kasuwa yana ɗauke da mililitir 400, kuma yana rufe wajen murabba'in metir 2 a shafi ɗaya. Ya fi dacewa da abu mai lungu da saƙo, inda burushi ba ya shiga sosai: sakata, mariƙin ƙofa, kan gado, kujera, adaka. Idan babbar ƙofar gida ce ko jikin amalanke, fentin burushi ya fi arha.

Yaushe za a yi aikin?

Watan Oktoba da na Nuwamba sun fi kyau, bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. A yi aikin da safe, a inuwa, ranar da babu iska. Ƙarfen da rana ta gasa yana busar da fenti tun bai kama ba. Ƙura kuwa tana manne wa ɗanyen fenti.

Kayan aiki

Burushin waya, takarda mai yashi, irin wadda kafinta ke gugar katako da ita, tsumma, ruwa da sabulu, tsohon kwali ko buhu, fentin kariya daga tsatsa, fentin launin da kuke so. A jikin gwangwanin fentin kariya za ku ga kalmar Faransanci "antirouille".

Yadda ake yi

1. A fitar da abin waje. Idan ba ya ciruwa, kamar taga, a buɗe ko'ina, a rufe bango da kwali. A toshe ramin makulli da takarda don kada fenti ya shiga.

2. A yayyafa ruwa kaɗan, a kankare tsatsa da ɓararren fenti da burushin waya. Sannan a goge da takarda mai yashi har ƙarfe ya yi sumul.

3. A wanke da ruwa da sabulu don cire maiƙo da datti. A share da tsumma, a bari ya bushe sarai. Fenti ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe.

4. A girgiza gwangwani minti 2. Za ku ji wani ɗan ƙwallo yana ƙara a ciki. Shi ke dama fentin.

5. A fara da fentin kariya. A riƙe gwangwani nesa da ƙarfe santimetir 20 zuwa 30, wato taƙi guda da ɗan ƙari. A riƙa kai hannu dama da hagu ba tsayawa. Inda hannu ya tsaya, nan fenti ke taruwa ya zubo.

6. Idan ya bushe, a fesa launi. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri. A dakata tsakaninsu gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Sau da yawa minti 10 zuwa 15 ne.

7. In an gama, a kifa gwangwani, a danna kansa har iska kaɗai ke fita. Haka bakinsa ba zai toshe ba.

8. A bar abin kwana ɗaya cur kafin a yi amfani da shi. Gado kuwa ya ƙara kwana biyu ko uku a waje, har warin ya fita.

Hattara da lafiya

Na farko, wari. Tururin fenti yana kawo ciwon kai da jiri da tari. Kada a fesa a cikin ɗaki rufe. A tsaya ta inda iska za ta kwashe feshin daga fuska. Ƙyalle a hanci yana rage ɗigon fenti, amma ba ya tare tururi. Wanda ya ji jiri ya bar aikin, ya sha iska. In bai ji sauƙi ba, a kai shi gidan likita. Mai ciwon fuka kada ya yi wannan aiki.

Na biyu, wuta. Iskar da ke turo fenti daga gwangwani danginsu ɗaya da gas na girki. Ku duba hoton harshen wuta a jikinsa. Kada a fesa kusa da murhu, ko fitila, ko mai shan taba. Zafin da ya wuce digiri 50 yana iya fasa gwangwani, don haka kada a ajiye shi a rana ko a ƙarƙashin rufin kwano. Ko ya ƙare, kada a huda shi, kada a jefa shi a wutar shara, kada a ba yaro ya yi wasa da shi.

Na uku, dalma. Wannan ya fi sauran haɗari, domin ba a ganinta, ba a jin warinta. Wasu tsofaffin fenti, musamman ja da ɗorawa da jan fentin kariya, suna da dalma. Idan aka goge su a bushe, ƙurar ta sauka a ƙasa. Yaro mai rarrafe ya taɓa, ya kai hannu baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa jini da kaifin hankali, kuma tana isa ga jaririn da ke ciki. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, maƙwabtanmu, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura a tsakar gida. Shi ya sa muka ce a jiƙa ƙarfe kafin guga. A shimfiɗa buhu a ƙasa ya tare dattin, a ƙulle shi, a kai inda yaro da dabba ba sa isa. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin. Mai aiki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya wanke tufafinsa daban. Wurin saye, ku nemi gwangwanin da aka rubuta "sans plomb", ma'ana babu dalma. Ga amfanin karatu nan.

Abin da ba a fentawa

Tukunya, kwanon abinci, cikin bokitin ruwan sha, kwamin shayar da dabbobi, da murhu. Duk abin da ke taɓa abinci, ko ruwan sha, ko wuta, a bar shi yadda yake.

Ƴan'uwa, rigakafi ya fi magani. Kowace shekara bayan damina ku duba ƙarafan gidanku. Inda kuka ga ɗigon tsatsa, ku goge, ku fesa tun yana ƙarami.

Tambayoyi don masu koyo

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke haɗuwa da ƙarfe su kawo tsatsa?
2. Don me ake jiƙa tsohon fenti kafin a goge shi?
3. Idan gwangwani ɗaya yana rufe murabba'in metir 2 a shafi ɗaya, gwangwani nawa ake bukata don shafi 3 a kan murabba'in metir 2?
4. Ku rubuta abubuwa uku da ba a fentawa.